Marafan Kwalba da Sandar Tsintsiya

Campeche, Meksiko
5 ga Afrilu, 1987

Yaya Fidelina,

Ki sa mini albarka, ki kuma roƙa mini ta Mama. Ina fatan kuna lafiya, gwiwar Mama ta yi sauƙi, ke kuma keken ɗinkin kamfanin nan bai ƙarasa miki baya ba. Ni lafiyata ƙalau, in ban da cikina da ya ƙi sabawa da barkonon mutanen nan. Yaya, ko mangwaro za su sha sai sun barbaɗa masa barkono. Shekaranjiya na yi mafarkin dakakkiyar ayabarki da soyayyar albasa a kai, na farka ina taunar matashin kai.

Kin ce in daina yi miki ƙarya a wasiƙa, to ga gaskiya. Abin bai tafi daidai ba. Tun da aka buɗe kakar wasanmu na dukan ƙwallo da kulki ban tsallakar da ƙwallo bayan katangar fili ko sau ɗaya ba. Ni Saturnino, wanda Amurkawa suka yi shekaru suna kira Tsawa. Ina tsayuwa yadda na saba, kulki a kafaɗa, mai jifa ya sako, in kai duka da duk ƙarfina, sai in ji ƙwallon ya riga ya faɗa hannun mai cafewa a bayana. Ka kuskure sau uku, ka koma benci. Jiya wani mai tallar giya ya ɗaga murya daga cikin 'yan kallo ya ce, "Tsawa, mun sha iska, yaushe za a yi ruwan?" Filin ya ɗauki dariya gaba ɗaya, har alƙalin wasa na ga kafaɗarsa tana rawa.

Na canza kulki, na canza safa, na daina aske gemu. Zafin garin nake zargi. Gumi yana shigar mini ido, ƙwallon nasu kuma sai in ga kamar ya fi namu ƙanƙanta. Kin san dokarsu: baƙi 'yan kaɗan aka yarda kowace ƙungiya ta riƙe, kuma ba don kyan fuska ake kawo baƙo ba. Ya buga, ko a kawo wani.

Ga abin da nake so. Ki je wurin Don Casimiro, tunda har yanzu shi ke kai wa ƙungiyar garinmu Consuelo sunayen waɗanda za su buga wasan gida na Oktoba. Ki ce masa ya tuna da ni. Idan na buga da kyau a gida, masu farautar 'yan wasa daga Amurka za su gani. Shekarata talatin da biyar, ba tamanin ba. Kaka ɗaya nake nema, Yaya, ɗaya tak, in koma sama in sauko da ƙafata, ba a turo ni ba.

Kada ki gaya wa Mama maganar mai giya.

Ƙaninki,
Nino

*

Consuelo
27 ga Afrilu

Nino,

Allah ya yi maka albarka, ya tsare ka. Mama ta sa maka tata har da ƙari. Gwiwar tana nan yadda ka san ta, bakin kuwa lafiya lau. Mun yi wake mai zaƙi na makon Ista, ta zuba maka naka a kofi kamar kana nan, ni na taimaka maka na shanye. Yankan rake ya kusa ƙarewa, tokar injin matse rake ta baƙanta mini wanki kamar kullum.

Na sami Don Casimiro a gaban shago yana wasan domino da tsofaffin nan nasa. Na ce, "Don Casimiro, Nino yana gaishe ka." Ko ɗagowa bai yi ba, ya ce, "Wane Ninon? Mai bugawa ko mai fifita?" Na ce, "Wanda ya saya maka haƙoran da kake dariya da su." Sai da wani ya faɗo daga kan kujera. Da ya ga na ci shi, ya ja ni gefe ya ce, "Ki gaya masa ya tsallakar da goma sha biyar kafin Agusta ya ƙare, ni zan kai sunansa da hannuna. Ƙasa da haka kada ya neme ni, ba gidan gajiyayyu na buɗe ba." Ka ji saƙonka.

Yanzu ka saurare ni, ɗan rainin hankali. Wa ya koya maka bugu, Amurkawa? Ni ce, a bayan gidan nan, da sandar tsintsiyar Mama da marafan kwalban da nake tsintowa a bayan shago. Ka manta yadda nake murza marfi ya riƙa tangaɗi a iska kamar mashayi? Duk layinmu babu yaron da ke iya taɓa jifata sai kai. Har launinsa kake faɗa kafin ka daka shi: "Ja!" ko "Kore!" kuma ba ka taɓa kuskure ba. Wanda ya iya dukan marfi ai ƙwallo a wurinsa kabewa ce.

Don haka duk abin da kake gani yana damunka a filin nan, share shi. Tunani ne ya yi maka yawa. Ka daina tsayawa duba wannan, duba wancan, ka daka kawai. Ka kuma aske gemun nan, ba ya yi maka kyau.

Yayarka,
Fidelina

*

Campeche
30 ga Afrilu

Yaya,

Albarka. Ina fatan kowa lafiya. Ban ga amsarki ba tukuna, na san halin gidan waya, amma akwai abin da ya tsaya mini a rai.

Fitilun filin nan. Idan aka kunna su sai in ga kowace da zobe kewaye da ita, mai launi-launi kamar bakan gizo. Da farko na ɗauka irin fitilunsu ne. Na tambayi wani ɗan Panama da muke zama benci ɗaya, na ce, "Kai ma kana ganin zoben nan?" Ya dube ni ya ce, "Wane zobe? Ɗan'uwa, me ka sha ba ka raba da ni ba?" Na yi dariya na bar maganar. Bayan wasa kuma saman idona na hagu yakan yi ta sara har cikin kai, amma in na yi barci sai ya wuce.

Ban je wurin likitan ƙungiya ba, kuma ba zan je ba. Kin san mu. Ɗan tsibirinmu ba ya cewa wash a gaban likitan ƙungiya, ko da ƙashi ne ya ɓullo. Ka ce wash yau, gobe sun sauko da wani yaro daga jirgi, ƙila ma ɗan layinku.

Ke kika san idona tun kafin in san kaina. Ki gaya mini, abin damuwa ne ko in share?

Nino

*

Consuelo
19 ga Mayu

Nino,

Allah ya yi maka albarka. Muna lafiya. Ka yafe mini gajeriyar gaisuwar.

Ranar da ka karanta wannan, ka je wurin likitan ido. Ba gobe ba. In tsoron na ƙungiya kake yi, ka nemi wani a cikin gari.

Kai kana Amurka lokacin, makantar Baba ka zo ka tarar, ba ka ga farkonta ba. Ni na gani. Wata rana ya dawo daga yankan rake, ya tsaya a ƙofa yana kallon babbar fitilar injin, ya ce, "Fidelina, wa ya sa wa fitilar can zobe?" Ni da Mama muka yi ta dariya, muka ce giyar rake ce take magana. Sai ciwon kai, a saman ido ɗaya, wanda barci ke kwantarwa. Ya wanke da ruwan ganye, ya ɗaura tsumma, ya koma gona. Ya fara karo da ƙofa, yana zagin wanda ya matsar da ita. Kafin mu kai shi babban birni aikin gama ya gama. Likitan ya ce ruwan cikin ido ne yake hauhawa yana danne jijiyar gani, yana cinye ta daga gefe-gefe, kuma abin da ya ci ba ya dawowa. Ya ce da an zo da wuri da maganin ɗigawa kawai ya tsare shi. Ya kuma ce abin yana bin jini.

Na ce wa Mama wasiƙarka gaisuwa ce kawai. Na je coci na kunna maka kyandir, amma kyandir ba likita ba ne. Ka je, Nino, ka rubuto mini abin da ya ce.

Fidelina

*

Monclova, Meksiko
8 ga Yuni

Yaya Fidelina,

Ki sa mini albarka, ki gaida Mama da gwiwa. Ki lura da sabon adireshi. An yi musaya da ni, an ba da ni an karɓi wani mai jifa da ko gemu bai fito masa ba. Yanzu ina arewa, garin ƙarfe, zafi kamar bakin tanda. Na kama ɗaki a gidan wata bazawara, Doña Eduviges, tsohuwar malamar makaranta, wadda ta ce ta rage mini barkono in ni kuma na rage mata minshari.

Amsarki ta iso ranar da nake haɗa kaya a Campeche. Wannan karon gidan waya sun yi abin kai. Yaya, ba ki san nauyin da kika sauke mini ba. Na yi kwanaki ina juya maganar zoben nan a raina, har na fara tambayar inda likitan ido yake. Da na karanta inda kika ce duk abin da nake gani yana damuna in share, sai na ce, to, mai jifata ta yi magana. Na share. Na aske gemun kuma.

Kin ga amfanin jin maganar manya: na tsallakar da uku a nan. Na biyun sai da ya fasa gilashin motar wani a waje, mutumin ya kawo mini ƙwallon in sa masa hannu, ko faɗa bai yi ba. Ki gaya wa Don Casimiro ya fara wanke alƙalaminsa.

Zoben yana nan, ciwon kan ma haka, ina haɗiye ƙwaya biyu in wuce. Ƙofofin gidan nan ne dai ƙanana, kullum sai na bugi kafaɗar hagu. Doña Eduviges ta ce marigayi mijinta ya fi ni faɗi amma bai taɓa faɗa da ƙofarta ba.

Ƙaninki mai jin magana,
Nino

*

Consuelo
26 ga Yuni

Nino,

Allah ya yi maka albarka, ya kuma ba ka hankali. Muna lafiya, in ban da ni.

Ka ɗauko wasiƙar nan ka duba kwanan watan da ke samanta, sakarai! Kwana uku kafin ka rubuta maganar zoben na rubuta ta. Amsar mai giya ce da gumi, ba ta ido ba. Amsar idon na aika Campeche, ta dawo mini jiya da hatimi a kai wai ka tashi, rana ɗaya da taka ta godiya. Na zauna a bakin gado da su biyun a hannu, na yi kukan da ban yi ba tun ranar binne Baba. Ashe da bakina na hana ka zuwa likita.

Ga ta nan na haɗo maka. Ka karanta, musamman wajen ƙofa. Ba ƙofar matar nan ce ƙarama ba.

Fidelina

*

Monclova
20 ga Yuli

Yaya,

Albarka. Jikina lafiya, ina cin abinci. Kada ki ƙara ɗora wa kanki laifi, ni ne ban duba ba. In gaya miki gaskiya, ƙananan rubutu a gefen takarda sun daina shigar mini ido.

Na je. Na sa hular kaboyi da baƙin tabarau, na ce wa likitan ni direban babbar mota ne. Ya gama leƙa idon da 'yar fitilarsa ya ce, "To, direba, ranar Lahadi ina wurin da ka tuƙa waccan ta wuce katanga." Mutumin kirki ne, ya yi alkawarin ba zai faɗa wa kowa ba. Abin Baba ne. Na hagu ya ci nisa, saura tsakiya, kamar mai leƙe ta cikin bututu. Na dama yanzu ya fara. Ya ba ni maganin ɗigawa, safe da rana da yamma da dare, har ƙarshen rayuwa. Ya ce, "Ka riƙe shi, na dama zai kai ka tsufa. Ka yi wasa da shi, ni babu abin da zan iya yi maka."

Na ɗiga, Yaya, wallahi na ɗiga. Amma bai gaya mini rabin labarin ba. Maganin yana tsuke ƙwayar ido ta koma kamar bakin allura, duniya ta dushe, abin da ke nesa ya zama hayaƙi. Na shiga fili da shi kwana uku. Hannun mai jifa ma ban gani sosai ba, balle abin da ya sako. Manaja ya kira ni ya ce, "Tsawa, ni ban san abin da ke damunka ba, kuma ba na son in sani. Akwai wani yaro ɗan ƙasarku da ake ta yi mini tallarsa."

Sai na yi dabara. Ranar wasa ba na ɗigawa. Na san me za ki ce, na san kullum ake wasa in ban da Litinin. To, Litinin nake ɗigawa, in cika shi sosai. Kuma kin ga sakamakon: tara ke nan, saura shida. Jiya wanda na daka, tun daga tafin hannuna na san ya tafi. Babu abin da ya kai wannan, Yaya, ba zan iya kwatanta miki ba. Kulkin ba ya ko girgiza, sai ka ji kamar iska ka daka, sannan ka ji mutane sun miƙe.

'Yan makonni ne kawai. Baba shekaru ya yi kafin nasa ya tafi. Agusta na ƙarewa zan ɗiga, in kina so har wanka in yi da shi.

Nino

*

Consuelo
9 ga Agusta

Nino,

Mama ta sa maka albarka. Tawa tana nan, amma ba a kan wannan ba.

Litinin. Ciwon ya san Litinin ne? Ka yi yarjejeniya da shi ya riƙa hutawa sauran ranakun?

Na yi niyyar tona ka. Na sa takalmi na tafi wurin Don Casimiro in gaya masa kada ya kai sunanka ko da ɗari ka tsallakar, don ka rasa dalilin wannan hauka. Na tarar da shi da jarida a hannu yana karanta wa mutanen shago lambobinka. Yana ganina ya miƙe, shi da bai taɓa miƙe wa mace ba, ya ce, "Ga yayar Tsawa! Na faɗa muku yaron nan bai mutu ba. A ba ta lemo mai sanyi." Na sha lemon na dawo gida. Na kasa. Na tsani kaina da na kasa.

Ka riga ka je sama, Nino. Ka gina wa Mama gida, yaran layin nan har yau tsayuwarka suke kwaikwaya. Me ya rage da za ka nuna wa wa? Ka dawo. Ka koya wa yara bugu, ka zauna a shago ka yi ta ƙaryar Amurka kamar kowa. Ni idonka nake so, ba goma sha biyar ba.

Ka amsa mini.

Fidelina

*

Monclova
2 ga Oktoba

Yaya Fidelina,

Ki sa mini albarka in kin huce. Ina fatan ku duka lafiya. Na ga wasiƙunki uku, ban amsa ba don ban san ta inda zan fara ba. Ki yi haƙuri da girman rubutun.

A goma sha uku na tsaya. Tsakiyar Agusta wani mai jifa ya sako mini ɗaya ta ciki, saitin kai, irin wanda ake yi don a tsorata mutum ya ja baya. Ban ja ba, don ban gan shi ba. Hular kwanon ta tsage. Da na farfaɗo na ji mai cafewar abokan hamayya yana ce wa alƙali, "Ko ƙiftawa bai yi ba. Mutumin nan ba ya gani." Likitan ƙungiya ya haska fitila, shi ke nan. Sun biya asibiti, sun yi mini sallama da mutunci, yaron nan ɗan ƙasarmu yana sanye da lambata. Na hagu ya tafi gaba ɗaya. Na san Don Casimiro ya ji, ba sai kin gaya mini abin da ya ce ba.

Na yi makonni a ɗaki ina ɗiga magani ina kallon bango. Sai wata safiya abin ya faɗo mini. Yaya, me ya sa na hagu ya dame ni? Don ni ba bahago ba ne. In na tsaya bugu, kafaɗar hagu da idon hagu ke fuskantar mai jifa. To in na koma ɗaya ɓangaren fa, na tsaya irin ta bahago? Na dama ne zai zo gaba, kuma na dama yana gani!

Na fara gwadawa a tsakar gida. Doña Eduviges tana jefa mini marafan kwalba, jifarta kamar mai watsa wa kaji tsaba, amma ina taɓa wasu. Akwai wata ƙaramar ƙungiya can bakin teku da za ta gwada 'yan wasa a ƙarshen Nuwamba. Ba su san labarina sosai ba. In sun ɗauke ni, kaka ɗaya a wurinsu, sai gida baɗi, daga nan ko'ina.

Dole in ajiye maganin kafin gwajin, don idon ya washe. Ɗan lokaci ne.

Zan zo Kirsimeti. Ki sa a tara mini marafa, buhu guda in zai samu. Ki duba ko tsohuwar sandar tsintsiyar Mama tana nan. Ke za ki jefa mini, daga farko, kamar da. Babu wanda zai iya mai da ni bahago sai ke.

Nino

*

Consuelo
21 ga Oktoba

Saturnino,

Allah ya yi maka albarka. Na mai da maka ita, don ina tsoron abin da zai same ka babu ita. Mama lafiya. Ta ji labarin hular a rediyon maƙwabta, ta daina tambayata labarinka, sai dai in ji ta tana magana da hoton Baba.

Ka tambayi sandar. Tana nan bayan ƙofa, ba ta taɓa barin gidan ba. Amma kai aiki ɗaya ka san ta yi, ni na san biyu.

Da idon Baba ya rufe, ya ƙi a riƙe masa hannu. Ya ce shi ba amarya ba ne. Sai na ɗauko sandar nan, na riƙe kai ɗaya ya riƙe ɗaya, ina gaba yana baya. Haka muka yi shekara tara. Coci, asibiti, gidan aski, bayan gida in an yi ruwa ƙasa ta yi santsi. A hanya mutane su ce, "Don Evaristo, ɗanka ya sake tsallakar da ƙwallo jiya!" Shi kuma ya tsaya ya ɗaga sandar ya ce, "Da wannan ya koya." Ni ina ɗaya bakin ina jira ya gama. Wanda ya so ni a lokacin ya gaji da jira ya auri 'yar mai burodi, 'ya'yansa huɗu yanzu. Ban taɓa yi maka gorin wannan ba, kuma yau ma ba gori ba ne. Kana aiko da duk abin da ake bukata. So nake ka san sandar nan nauyi gare ta.

Shekarata arba'in da biyu. Bayana yana ciwo, idona ni ma sai da tabarau nake sa zare a allura. Ba ni da wasu shekaru taran da zan bayar. Amma na san kaina, kai ma ka san ni, in ta kama zan ɗauka. Abin da ke cina ke nan.

Na tara marafan. Ban san me ya sa ba, hannuna ne yake tsinta in na bi ta shago. Ka zo da idonka na dama, in jefa maka safe da yamma har kafaɗata ta gurɗe, ka zama bahagon layinmu, mu yi dariya. Amma ka ɗiga maganin, Nino. Ka bar gwajin nan. Ban taɓa roƙonka komai ba.

Yayarka,
Fidelina

*

Monclova
9 ga Disamba

Yaya,

Ki sa mini albarka. Ki gaida Mama. Rubutun Doña Eduviges ne, ni nake faɗa.

Wasiƙarki ta same ni kafin in tafi gwajin. Na karanta ta da kaina, har kwanan watan na duba. Ba laifin gidan waya ba ne wannan karon.

A cikin bas ciwon ya tashi, a na dama. Na yi ta amai, na ce abincin hanya ne. Na isa na kwanta a masauki, na ɗaura jiƙaƙƙen tawul na jira ranar gwaji, don in na je asibiti za su ji. Ranar na tsaya irin ta bahago. Ina jin mai jifa yana goga ƙafa a ƙasa, ina jin ƙwallon yana zuwa. Na kai duka, Yaya, sau uku, da duk ƙarfina. Babu wanda ya yi dariya. Wani ya zo ya kama gwiwar hannuna ya kai ni benci.

Likitan ya yi aiki. Ina iya gane inda taga take.

Jirgina zai sauka ranar sha takwas da rana. Marafan ki raba wa yaran layi. Ki zo da sandar.

Ƙaninki,
Nino